Yatsa ɗaya ya kore ni daga gasa

Ranar da aka kore ni daga gasar harbin ƙaramar bindiga ban harbi ƙasa ba, ban nuna kowa da bindiga ba, kai bindigar ma ba ta tashi bisa kuskure ba. Siteji na huɗu ne, wato zango na huɗu na gasar, na gama taget uku na farko ina jin kaina kamar wani gwani, na danna maɓalli magazin ya faɗo, hannun hagu ya tafi ƙugu ɗauko sabo ina takawa zuwa taga ta biyu, kawai sai na ji an daka tsawa a bayan kunnena, "Stop!" Na ƙame. Alƙalin fili, wanda muke cewa RO, ya sa na cire harsashi na nuna masa bindiga wayam na mayar kube, sannan cikin sanyin murya kamar ba shi ya yi tsawar nan ba ya ce min yatsanka na cikin zoben kunama lokacin da kake canza magazin, ka yi haƙuri, taka gasar ta tsaya nan. Shikenan fa, DQ, wato kora daga gasa. Gasa ta uku kenan a rayuwata, saura siteji takwas ban taɓa ba, ga harsashi cike da jaka.

Na yi musu mana, wa zai ƙi. Na ce yallaɓai wallahi yatsana a waje yake, ni na san jikina. Wani abokina ma ya ɗauki bidiyo da waya na ce a duba, aka ce a dokar IPSC, ƙungiyar wannan wasan ta duniya, ba a karɓar bidiyo a matsayin hujja, abin da RO ya gani shi ne, in kana so ka kai ƙara wajen babban alƙalin gasa amma ka sani ba a kan "na yi ko ban yi ba" za a saurare ka ba. A lokacin na ga rashin adalci ne tsagwaronsa. Yanzu kam na gane dalilin, in aka ce duk wanda aka tsayar sai an zauna kallon waya, to RO zai fara jin nauyin tsayar da mutum, kuma ranar da ya yi jinkirin daƙiƙa ɗaya ita ce ranar da harsashi zai tafi inda ba a aike shi ba.

Ban tafi gida ba, na tsaya ina liƙe ramukan taget da tayar da ƙarafa ga 'yan sikwad ɗinmu har yamma, don an ce haka ya kamata wanda aka kora ya yi maimakon ya kwashi kaya yana ƙunƙuni. Akwai wani dattijo a cikinmu mai harbi a rukunin bindigogi da ake kira Standard, gashi duk fari, ba ya gudu sam amma kullum yana sama a sakamako. Shi ya matso muna liƙe kwali ya ce yaro, a gida kana atisaye? Na ce Baba kullum. Ya ce to can ka koyo wannan yatsan, ba nan ba, je ka ɗauki kanka a bidiyo ka gani.

Da dare na jingina waya, na canza magazin sau ashirin. Wallahi kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki. Kusan rabinsu yatsan yana fita ne rabi da rabi, ya ɗan lanƙwashe a bakin zoben yana jiran komawa, ni kuma a raina ina ji kamar ya miƙe. Wata shida ina maimaita wannan kuskuren kullum da hannuna, na ɗauka sauri nake koyo.

Ga wanda bai san wasan ba bari in ɗan koma baya. Ba irin harbin da ake tsayawa wuri ɗaya ana saitin baƙin ɗigo a natse ba ne. Nan ana gina fili ne da katangu da tagogi da ƙofofi, a jera taget na kwali da na ƙarfe, wasu a tsaye wasu na lilo, wasu an raɓa musu farin kwali da ba a yarda ka taɓa ba, a ce maka ga inda za ka fara, sauran kuma ka san yadda za ka yi. Asalinsa daga Kalifoniya ne a Amurka a shekarun 1950, inda Jeff Cooper da abokansa ke gasar zaro bindiga a Big Bear, kowa na harbi da hannu ɗaya daga ƙugu, har wani ɗan sanda Jack Weaver ya zo ya kama da hannu biyu ya ɗago ta daidai ido ya riƙa cinye su. An yi gasar duniya ta farko a Zurik a 1975, Ray Chapman ya ci, sai a watan Mayun 1976 aka kafa IPSC a taron Kolumbiya ta jihar Misuri, Cooper ne shugaban farko. Takensu haruffa uku ne na Latin, DVC, wato dacewar saiti, ƙarfin harsashi, da sauri. 'Yan Amurka suna da tasu ƙungiyar, USPSA, tun 1984, dokokin kusan ɗaya ne da ɗan bambance-bambance da ke rikita mutum in yana kallon bidiyonsu yana karanta littafin dokar IPSC.

Lissafin maki shi ne abin da ya sa wasan ke shiga jini, kuma shi ne ya sa sabon shiga ke haukacewa da gudu. Kowane kwali yana da yanki uku, A a tsakiya maki 5, sai C, sai D a gefe. In harsashinka mai ƙarfi ne, mejo, C maki 4 ne D 2, in maino ne, mai ƙarancin ƙarfi, C 3 D 1. Kuskure taget a cire maka 10, taɓa farin kwali a cire 10, karya ƙa'idar siteji kamar harbi ƙafarka na wajen layi shi ma 10. Sai a raba makinka da daƙiƙun da ka ɓata, abin da ya fito shi ne hit fakto. Wanda ya fi kowa ya kwashe makin sitejin duka, saura a ba su gwargwadon kusancinsu da shi. Ɗauki ƙaramin siteji mai harsashi 12, maki 60 kenan. Ni na harba duka A cikin daƙiƙa 8, hit fakto 7.5. Kai ka samu A takwas C huɗu da maino, maki 52, amma cikin daƙiƙa 6.5, naka 8.0, ka cinye ni duk da harbina ya fi naka kyau. To amma a ce ɗaya daga cikin C ɗin nan naka ta wuce kwalin gaba ɗaya, maki ya koma 49 a cire 10 saura 39, hit fakto 6.0, ka dawo ƙasana da nisa. Shi ya sa nake cewa duk wanda ya ce maka wasan nan na sauri ne ko ya ce na saiti ne, rabi ya faɗa maka. A siteji mai hit fakto 8 kowace daƙiƙa maki 8 ce, C ɗaya a maino asarar rubu'in daƙiƙa ce kawai, ba ta kai ka tsaya gyara ta ba, amma kuskure ɗaya asarar maki 15 ce, kusan daƙiƙa biyu, wannan kam in ka ga harbin ya kauce ka ƙara wani nan take.

Kalmar nan "in ka ga" ita ce duk wahalar. Gwanaye ba sa duba rami a kwali, lokacin da bindiga ta tashi sun ga inda saiti yake kafin ya yi tsalle, sun riga sun san inda harsashin ya sauka, sun wuce. Ni kuwa shekarar farko ido nake ƙiftawa daidai lokacin ƙarar ban ma sani ba, sai da na haɗa toshe kunne biyu, na ciki da na waje, sannan na fara ganin saiti na tashi yana dawowa. Wani ya ba ni dabarar in tsaya kusa da tudun ƙasar da ke tare harsashi in harba shida ba tare da taget ba, aikina kawai kallon saiti, a harbi na huɗu ko biyar na fara ganin kwanso na fita ta gefen ido, abin har dariya ya ba ni.

Mu koma kan yatsa. Abin da ya sa yake maƙalewa a kunama shi ne na ɗauka nan lokaci yake, ina ganin in na fitar da shi duka na ɓata lokaci kafin ya dawo. Duk sabon shiga haka yake, burinsa tazarar harbi biyu ta zama kamar ta Eric Grauffel, Bafaranshen nan da ya fara cin kambun duniya tun 1999 a Sebu ta Filifins ya kuma yi ta maimaitawa. Amma zauna da taima, na'urar da ke yin ƙarar fara harbi tana auna lokaci, ka yi lissafi. Dogon siteji a IPSC ba ya wuce harsashi 32, matsakaici 24, gajere 12. A dogon, in duka kwali ne taget 16 kenan, tazara 16. Ka kashe kanka ka rage 0.05 a kowace, ka samu 0.8 kacal, kuma wataƙila ka biya da C da D. Alhali sitejin yana da wurin tsayawa biyar ko shida, tunda doka ba ta yarda a tilasta maka harbi fiye da 9 daga wuri ɗaya ba, kuma a kowane wuri kana zuwa ka tsaya cak, sannan ka ɗago bindiga, sannan ka nemi saiti, ka gama ka sauke, ka yi tunanin ina zan nufa, sannan ka ɗaga ƙafa. Rabin daƙiƙa a shiga rabi a fita, sau biyar, daƙiƙa biyar sun tafi ba ka ji ƙarar tafiyarsu ba. Dattijon nan da na ce ba ya gudu, ashe sirrinsa kenan, kafin ya iso taga bindigarsa na sama daidai ido, ƙafarsa na sauka harbi na tashi, harbin ƙarshe kuwa nauyin jikinsa ya riga ya karkata inda zai tafi. Ga ido kamar yana yanga, a taima kuwa ya ba mu daƙiƙa huɗu.

Haka tsallakawa daga taget zuwa taget, ido ke fara tafiya bindiga ta biyo, kuma ba kwalin gaba ɗaya za ka kalla ba, ɗan wuri ƙarami za ka zaɓa a tsakiyar A. In ka tafi da ido da bindiga tare sai ka wuce taget ɗin ka dawo. Tun da jan ɗigo ya shigo, wato saitin lantarki mai nuna ɗigo ja a gilashi, wanda Jerry Barnhart da Doug Koenig suka fito da shi fili a 1990, wannan ya ƙara bayyana, mai kallon ɗigon maimakon taget kullum a makare yake.

Riƙo kuma ba zan tsawaita ba don kowa da hannunsa. Salon Weaver na tura da hannu ɗaya ja da ɗaya ya yi zamaninsa, tun shekarun 1980 su Rob Leatham da Brian Enos suka koma fuskantar taget sosai, hannu biyu a miƙe, manyan yatsu na kallon gaba, yau kusan kowa haka yake. Abin da ya gyara nawa abu ɗaya ne, hannun hagu ya matse iya ƙarfinsa, na dama ya ɗan saki don yatsan kunama ya yi motsi shi kaɗai. In kai badame ne kana ganin harbinka na taruwa ƙasa ta hagu, kar ka taɓa saitin bindiga, ba laifinta ba ne, duk yatsunka ne ke matsewa tare lokacin jan kunama.

To yadda na gyara. Na bar taima gaba ɗaya na sati uku, abin da ya fi min wuya kenan. Na samo wa yatsan gida, can sama a jikin silaid, ƙarfen saman bindiga da ake ja baya, inda zan ji gefen ƙarfe a fatata, ba kawai "waje" ba, don "waje" ba wuri ba ne, yatsa bai san shi ba. Duk lokacin da idona ya bar saiti yatsa ya tafi gidansa, canza magazin, taku ko ɗaya ne, gyaran cushewar harsashi, buɗe ƙofa. Minti goma sha biyar kullum ga waya na ɗauka, in na ga ya lanƙwashe sau ɗaya in sake daga farko. Da na dawo da taima abin mamaki saurin canza magazin ɗina bai ragu da komai ba, ya ma ɗan fi sauri, don da yatsa a sama bindigar ta fi juyuwa a hannu in kai ga maɓalli. Ba a fafe gora ranar tafiya dai, ƙarar taima na tashi ƙwaƙwalwa ke ɗaukewa, abin da hannu ya saba shi zai fito, mai kyau ko marar kyau.

Atisayen gida da bindiga wayam shi ma yana da nasa dokokin kuma ba na wasa da su. Harsashi ba ya shiga ɗakin kwata-kwata, ina duba bindiga da kowane magazin sau biyu, da ido da yatsa, ina fuskantar bangon da na san ko da tsautsayi ba kowa a bayansa. In waya ta yi ƙara ko aka ƙwanƙwasa ƙofa na fita na dawo, sabon dubawa. In na gama kuma na furta da baki cewa na gama, na ajiye, babu "bari in ƙara ɗaya", don yawancin labaran harbin bango da ake ji daga wannan ɗayan ne, bayan mutum ya riga ya mayar da harsashi. Wanda ba shi da damar harsashi da yawa kar ya raina wannan, wani ɗan Japan Tatsuya Sakai da bindigar iska ya yi yawancin atisayensa a ƙasarsu, ya je Amurka ya ci gasar Steel Challenge a 2004.

In na je fili kuma ba na zuwa da niyyar ƙona harsashi, atisaye biyu ko uku ne. Bill Drill, harsashi shida a kwali ɗaya daga yadi 7, gwanaye na yi cikin daƙiƙa 2 duka A, ni dai ina hanya, amfaninsa ya tona asirin riƙonka. Sai El Presidente na Cooper, taget uku, ka ba su baya, ƙara ta tashi ka juyo ka zaro, bibbiyu, canza magazin, bibbiyu, harsashi 12. Wannan ina son shi don duk tarkon DQ na ciki, in ka zaro kafin ka gama juyowa bakin bindiga ya kalli mutane.

Wannan ce dokar da ta fi cin mutane ma, ta digiri 90, 'yan USPSA na cewa 180, abu ɗaya ne dai, bakin bindiga kar ya wuce layin kafaɗunka ya fara komawa baya. Badame mai gudu hagu yana canza magazin shi ya fi faɗawa, don juyin da kake wa bindiga don saka magazin yana kai bakin hagu tun farko, ga jikinka ma ya juya hagu. In siteji ya sa ka komawa baya, jikinka ya tafi amma hannun bindiga ya tsaya yana nuna gaba kamar kana jan akuya mai taurin kai. Sai share jikinka da bakin bindiga, yawanci hannun hagu wajen buɗe ƙofa ko ɗaukar abu a tebur. Harsashi ya tashi ya bugi ƙasa cikin mita 3 daga inda kake, DQ. Harbin ƙarfe ƙasa da mita 7, DQ, don ɓarɓashi na dawowa, shi ya sa gilashin ido dole ne ko kallo ka zo. Bindiga ta faɗi a tsakiyar siteji, DQ, in ma a waje ta zame daga kube wayam kar ka sunkuya, kira RO ya ɗauka. Kuma fili gaba ɗaya bindiga ba harsashi take yawo a kube, ba ka taɓa ta sai a teburin da aka keɓe ko da umarnin RO, a teburin nan kuma ba ka taɓa harsashi ko na roba ne, magazin sai ka cika shi a wani wuri. Na ga wanda aka kora tun kafin ya yi harbin farko, ya buɗe jaka a bayan mota zai nuna wa abokinsa sabuwar bindigarsa CZ Shadow 2.

Umarnin fili da Turanci ake bayarwa ko ina a duniya, jimla shida zuwa bakwai ne, ka haddace su kawai. Bayan "Standby" ƙarar na zuwa tsakanin daƙiƙa 1 zuwa 4. Inda aka fi yin ɓarna shi ne ƙarshe, mutum ya gama yana haki, an ce ya cire ya nuna, sai ya ja silaid kafin ya cire magazin, wani harsashin ya hau, a ce ya saki kunama, ji kake tau. Babu taima a wannan wajen, ba wanda ke ba ka maki don ka mayar kube da sauri, magazin tukuna, sannan silaid, sannan ka leƙa da idonka kar ka dogara da na RO.

Wani abu da ke kama mutane shiru shi ne awon harsashi a manyan gasa. Nauyin kan harsashi a ma'aunin giren sau gudunsa a ƙafa cikin daƙiƙa, raba da 1000. Maino sai ya kai 125, mejo 160 a rukunin Open, 170 a Standard. Mai giren 124 da ke gudun 1050 ya ba da 130, lafiya lau, in ya sauka 1000 ya zama 124, za a bar ka ka yi ta harbi amma makinka ba ya shiga lissafi. Mu 'yan rukunin Production maino kawai muke, harsashi 15 a magazin, shi ya sa tsara inda za a canza magazin ya zama rabin aikinmu a 'yan mintunan da ake bayarwa na zagaya siteji. Ni yanzu tsari mafi sauƙi nake ɗauka, in rufe ido in bi shi a kai sau goma, kuma ko na ga wani gwani ya yi wata dabara ana saura mutum biyu a kira ni, ba na canzawa, na gwada sau biyu duka na manta taget.

Wata biyu bayan korar na koma, kuma kamar haɗin baki RO ɗin nan ne a siteji na farko. Hannuna har rawa yake wajen saka magazin. Na harba a hankali fiye da yadda zan iya, na canza magazin ina gudu hagu, yatsa na can sama ina jin sanyin ƙarfe, na gama, na cire, na nuna, ya ce "Range is clear", ya karanto lokaci ya wuce wajen na gaba, ko kallona bai sake yi ba, ina jin ma bai tuna ni ba. Na ƙare wajen tsakiyar jeri ranar. Siteji na bakwai na hannun hagu zalla ne, kuskure biyu da farin kwali ɗaya na kwaso, don haka yanzu minti biyar na ƙarshen atisayen kullum na hagu ne, kuma shi ma yatsansa na ga yana lanƙwashewa.